Yaron da Maigidana Ya Ba Ni Gyara

Maigidana injiniya ne, a Kanada ya yi digirinsa na biyu. Shekara uku ya yi can, ya dawo da takardar shaida, da tsoron sanyi, da kuma wani abu da ban san yana ɗauke da shi ba sai bayan na tare: son wasan hoki na ƙanƙara. Mutum shida-shida ne, sanye da takalma masu ƙarfe kamar wuƙa a ƙasa, suna sulalawa a kan ƙanƙara da sanduna masu lanƙwasa, suna bin wani ɗan baƙin faifan roba da bai fi tafin hannu ba. In yana kallo na kan leƙa, in ga mutane suna ta gudu suna bangazar juna, amma abin da suke bi ɗin ban taɓa ganinsa ba.

Da aiki ya kawo shi Doha na biyo shi, na samu koyar da lissafi a wata makarantar sakandare. Muna zaune a unguwar Al Mirqab, hawa na uku, saman wani shagon gyaran waya. A nan na gano abin ya wuce kallo. Shi da tsofaffin abokan karatunsa, su goma, suna da wata gasa ta waya. Kowa ya tsinci 'yan wasa na gaske daga ƙungiyoyi daban-daban ya haɗa tasa ƙungiyar a rubuce. In ɗan wasanka ya ci, ko ya miƙa aka ci, a wasan gaske, sai a rubuta maka maki. 'Yan wasanka naka ne shekara da shekaru, sai dai in ka yi furfure da wani, ka ba shi wane ya ba ka wane. Abin da na fara tambaya shi ne ko caca ce. Ya rantse babu ko sisi a ciki, wani kofin roba ne kawai ake aika wa wanda ya zo na ɗaya. Na ce Allah ya ba da sa'a, na koma kan duba takardun ɗalibaina.

Sai korona ta zo. Aka rufe makarantu, na koma koyarwa ta kwamfuta a kan teburin cin abinci, shi kuma ya mai da ɗakin baƙi ofis. Titin da ke ƙasanmu ya yi tsit, sai masu babur masu kai abinci. Can ma aka dakatar da wasannin. Na ɗauka shi ke nan na huta. Ashe da babu wasan da za a kalla, musun ne ya zama wasan. Kowace Asabar bayan la'asar, lokacin da gari ya waye a wajensu, su goman nan za su haɗu ta bidiyo su yi awa biyu suna gardamar wane ya fi wane daraja.

Wata Asabar ina yankan albasa na ji maigidana yana kafa hujja da wani lissafi. Na saurara, na ji ya karkace.

"Injiniya," na ce daga kicin, "da yawan wasanni za ka raba, ba da yawan watanni ba. Mutumin nan ai ka ce ya yi jinya."

 Sai na ji wata murya mai kauri tana tambaya da Turanci wace ce wannan. Shugaban gasar ne, wani Bature mai farin gemu da ya yi shekaru yana kanikanci kafin ya koma makaranta. Ya girme su duka, shi ya sa maigidana ya laƙaba masa Dattijo, har sauran suka ɗauka. Ya sa aka maimaita masa abin da na faɗa, ya yi dariya har da tari. A makon nan ɗaya daga cikinsu, wata ma'aikaciyar jinya, ta ce aikin asibiti ya sha kanta, ba za ta iya ci gaba ba. Dattijo ya ce a ba matar da ke kicin ƙungiyar.

Ƙungiyar da na gada ita ce ta ƙarshe a jeri. Abin kirki ɗaya ne a cikinta, wani tsohon gola da kowa ke girmamawa. Maigidana kuwa golansa ne rauninsa. Tun ranar farko na ga yana kewaye-kewaye, yana tambayata ko ina son shayi.

Na ce ya ba ni mako guda. A makon nan, da na sallami ɗalibai sai in buɗe jerin 'yan wasansa in bi su ɗaya bayan ɗaya. Can ƙasa na tarar da wani yaro ɗan shekara goma sha tara, mai tsaron baya, wanda ko sau ɗaya bai taɓa bugawa a babbar gasa ba. Na nemo bidiyonsa na gasar matasa. A kansa na fara ganin faifan nan, domin in yana wajensa kamar an ɗaure masa shi a sanda. Na lura da abu biyu. Ba ya kallon ƙasa in yana tafe, kansa a ɗage yake yana duba inda mutane suke. Kuma duk sanda wasa ya yi zafi, shi koci ke turowa. Na kalla har idona ya yi ja, ban ce wa kowa komai ba.

Ranar ciniki muka zauna a falo, kowa da wayarsa. Ya taya golana da wani ɗan gaba matsakaici.

"Albarka," na ce.

"Malama, ba Kantin Kwari muke ba fa."

"To a ina muke? Ƙara."

Ya ƙara wani. Na yi jim, na taɓe baki, na ce to babu laifi tunda shi ne, amma ai ko barkono mutum ya saya a kan yi masa gyara. Ya yi dariya, ya ja jerin zuwa ƙasa da babban yatsansa, ya ce in zaɓi ɗaya cikin yaran da ke can. Na yi kamar ina karanta sunayen da ƙyar. Na ce a ba ni wannan mai dogon sunan. 

"Ɗauki," ya ce. "Halas."

Da aka buɗe sabuwar kaka, filaye babu 'yan kallo, ƙungiyar yaron ta gaske ta ɗauko shi cikin manya. Wasanninsu kan ƙare ne wajen asubarmu, saboda haka muka mai da shi al'ada, in mun idar da salla sai mu zauna da shayi mu ga abin da ya faru. A mako na uku na ga abin da har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Yaron ya karɓi faifan a bayan ragarsu. Ya taho. Ɗaya ya tare shi, ya goce. Na biyu ya kawo masa kafaɗa, ya sunkuya ya wuce, mutumin ya je ya rungumi katanga. Ya shiga tsakanin mutum biyu kamar an buɗe masa ƙofa, ya yi kamar zai miƙa wa na hagunsa, gola ya kwanta, shi kuma ya ɗaga ta sama ta shige.

Ban san na miƙe ba. Na ji dai ina ihu, "Nawa ne! Yarona ne!" ga shayi ya zube a kan dardumar falo. Maigidana yana zaune bakinsa a buɗe. Ya mayar da bidiyon baya, ya sake kallo, ya sake mayarwa. Sannan ya juyo a hankali.

"Kin san shi tun kafin ki tambaya."

"Gyara ce fa ka ba ni, Injiniya."

Daga ranar aka buɗe gardamar da ta ci mana kusan shekara biyu. Yana son yaronsa ya dawo, kuma yana da abin bayarwa: wani shahararren ɗan gaba mai shekara talatin da biyu, wanda kowace kaka yake cikin masu yawan ci. Hujjarsa ba ta banza ba ce. Ya ce yaro alkawari ne kawai, sau nawa aka ga wanda ya haska kaka ɗaya ya dushe da zarar sauran ƙungiyoyi sun gane salonsa. Ya ce ɗan baya ko ya kai ina ba ya kawo maki kamar ɗan gaba. Ya ce kofin bana ake nema, ba na bayan shekara goma ba.

Ni kuma na ce nasa saura masa shekara biyu ko uku, nawa kuwa ko gemu bai gama fito masa ba. Na ce ya duba mintunan da koci ke ba shi, kullum ƙaruwa suke. Na ce in an kori ɗan wasan abokan karawa na minti biyu, lokacin da ci ya fi sauƙi, wa ake miƙa wa faifan ya tsara hari? Kuma masu ci irin nasa suna da yawa a gasar, ɗan baya mai kawo maki kuwa ana ƙirga su da yatsun hannu ɗaya.

Mun yi wannan musun a layin allurar rigakafi, da takunkumi a fuska da tazara a tsakaninmu. Mun yi shi a ƙofar kanti muna nuna wa mai gadi wayoyinmu ya ga alamar lafiya kore ce. Mun yi shi a mota muna jiran a miƙo mana karak, shayin nan mai madara da kowa ke sha a Doha. Wata rana ya ce zai ɗora wankin kwanuka na wata guda a kan tayinsa. Na kai ƙara ranar Asabar. Dattijo ya sa tabarau, ya gyara murya, ya yanke hukunci cewa daga yau an haramta sa aikin gida a cikin ciniki, sauran bakwai ɗin suna ta dukan tebur. A kaka ta biyu na tashi daga ta goma na koma ta biyar. Maigidana ya zo na shida. Kwana biyu yana cin abinci ba ya ɗaga kai.

Saura 'yan makonni a fara gasar cin kofin duniya ta ƙwallon ƙafa, gari ya cika da tutoci da fenti sabo, aka buga yaron da katangar fili. Ƙafarsa ta lanƙwashe ta inda ba ta lanƙwasawa. Sau ɗaya na kalla, ban iya sakewa ba. Aka ce gwiwa ce, sai an yi tiyata, kuma zai daɗe. Kafin azahar saƙonni sun cika wayata, kowa yana jajanta mini yana kuma taya shi da tarkacen da ba ya so. Maigidana ya janye shahararrensa daga tayi. Yanzu wani tsoho daban yake bayarwa, da wani siririn yaro ɗan Finland.

A cikin haka Dattijo ya iso, domin ƙasarsu ta samu shiga gasar kuma ya rantse sai ya gani da idonsa. Muka tarye shi a filin jirgin Hamad, ya fito da jar riga da jar hula, ya rungume maigidana har ya ɗaga shi sama. Ni kuma ya dafa ƙirjinsa ya ɗan rusuna, ya ce, "Albarka." Ita ce kalmar Hausa ta biyu da ya sani bayan sunansa Dattijo, kuma ya ɗauka gaisuwa ce.

Kwana biyu bayan nan muka kai shi yawo unguwar Mushairib. Ban taɓa ganin Doha haka ba. 'Yan Maroko da ganguna, 'yan Meziko da manyan huluna, 'yan Senegal suna rawa a tsakiyar titi, ma'aikata da lasifika suna nuna hanyar jirgin ƙasa da waƙa. Na bar tuwo da miyar kuka a gida don abincin rana, amma layin shiga tasha ya fito har waje. Muka kira mota. Dattijo ya zauna gaba, mu biyu a baya. Direban ya gaishe mu da Turanci, dogo ne baƙi, na ɗauka ɗan Sudan ne. An rufe hanyoyi da yawa, tafiyar minti goma ta zama rarrafe. Dattijo yana ta ɗaukar hoto ta taga. Maigidana ya ga dama ta samu, ya juyo da Hausa.

"Malama, ki duba gaskiya. Yaron nan yanzu gurgu ne. Wa zai saye shi da daraja? Ni kaɗai ke tausaya miki. Ki karɓi tsohon nan da ɗan Finland ɗin."

"Wannan ramammen? In aka ture shi sau ɗaya ya tashi daga aiki."

"Shekararsa ashirin. In ya samu abinci zai yi ƙarfi, ki more shi shekara goma."

"Nawa ko da ƙafa ɗaya ya fi su biyun. Ka kawo yara biyu masu lafiya mu yi magana."

Motar ta ratse gefe ta tsaya. Direban ya ja birkin hannu, ya juyo gaba ɗaya, ya ce da Hausar Sakkwato tsantsa, "Alhaji, Hajiya, ku yi haƙuri ku sauka nan. Ba ni ɗaukar kuɗinku."



"Ku ji tsoron Allah," ya ce. "Ɗiyan mutane ne. Ni ma ejan ya kawo ni ƙasar ga, na san abin da na gani kafin in samu canjin kafil, wato ubangidan aiki. Yaro ya ji rauni wurin aiki, ba ku zancen magani, sai zancen wa za ya saye shi?"

Maigidana ne ya fara fahimta. Ya buɗe baki zai yi bayani dariya ta ƙwace masa. Ni ce na lalubo wayata, na nemo bidiyon cin nan na farko, na miƙa masa. Na ce ga yaron, a Kanada yake, bai san da mu ba, kuma albashinsa na wata ya fi namu na shekara mu uku a haɗe. Na yi masa bayanin gasar daga farko. Ya kalli bidiyon, ya kalle mu, ya sake kallon bidiyon. Sai ya kifa kansa a kan sitiyari, kafaɗunsa suna girgiza. "La ilaha illallahu! Ni har na fara haddace fuskokinku!"

Dattijo ya matsa sai an fassara masa. Da ya ji, fuskarsa ta yi ja kamar rigarsa don dariya. Amma da ya lafa ya miƙa wa direban hannu, ya riƙe shi ya daɗe, ya ce a gaya masa shi mutumin kirki ne.

Muka koma kan hanya, yanzu mu huɗu ne a cikin musun. Direban ɗan ƙwallon ƙafa ne na gaske, kuma tambayoyinsa sun fi na wasu 'yan gasarmu. Ya tambaya ko yaron ya taɓa ciwon wannan gwiwar. Ya tambaya ƙarfinsa a gudu yake ko a kai. Na ce duka biyun. Ya ce to a ƙwallo dai, mai wasa da kai yana dawowa, mai dogaro da gudu shi ne abin tsoro. Ya kalli maigidana ta madubi. "Alhaji, tayin nan naka kuwa akwai zalunci ciki."

Ina ta fassarawa Dattijo yana gyaɗa kai. Can ya juyo ya dube ni, ya ce shi fa bai taɓa tayawa ba, yana jira ne mu gaji. Yana da yara biyu 'yan shekara sha takwas da ba su fara bugawa ba. Zai ba ni su duka, ya ƙara mini da damarsa ta zaɓen farko in za a raba sababbin 'yan wasa baɗi.

Na san yaran. Ɗaya daga cikinsu na yi wata uku ina kallonsa a ɓoye. Kuma gaskiyar da ban gaya wa kowa ba ita ce gwiwar nan tana ba ni tsoro. Na rufe ido na auna, motar tana tsaye a danja, wasu 'yan Ajantina suna waƙa a gefenmu.

"Na sallama," na ce, sannan na maimaita da Turanci.

Maigidana ya yi wata ƙara da ban taɓa ji daga bakinsa ba. "Shekara biyu! Shekara biyu ina binki! A gabana? A motar da ni na kira?"

"Ka ji tayi ai, Injiniya. Haka ake yi."

Dattijo yana buga gaban mota da tafin hannu yana murna. Direban ne kawai bai yi dariya ba. Ya dube ni ta madubi ya ce, "Hajiya, ashe dai da gaske saida shi za ki yi." Na ce wasa ne fa, malam. Ya ce ya sani. Amma maganar ta zauna mini har muka iso. A ƙofar gida muka yi ta fama ya hau ya ci abinci, ya ce aiki ya yi yawa. Na haura da gudu na zubo masa tuwo da miya a kula. Ya buɗe ya shinshina, ya ce rabonsa da miyar kuka tun kafin korona.

Yaron ya dawo a kaka ta gaba, ya ɗan rage gudu, amma maki ya ci gaba da zubo wa Dattijo. Cikin biyun da na karɓa, ɗaya bai yi komai ba har yau. Ɗayan kuwa ya fara nuna alama. Har yanzu 'yan gasar ba su daidaita a kan wanda ya ci riba ba.

Amma wannan duk daga baya ne. Ana jibi Dattijo zai koma, an riga an fitar da ƙasarsu daga gasar, ya ce ba zai tafi ba sai ya ga na taka ƙanƙara. Akwai wani babban kanti mai filin ƙanƙara a tsakiyarsa, can muka je da safe. Aka ba ni takalman, na ɗaure, na tattare abayata da hannu ɗaya, na sa ƙafa. Nan take ƙasa ta gudu ta bar ni. Na rungumi ƙarfen gefe da hannu biyu ina salati. Maigidana, wanda ya yi shekaru yana ba ni labarin ƙwarewarsa, ya yi taku huɗu ya zauna daɓas. Dattijo kuwa, da tumbinsa da farin gemunsa, ya wuce mu da baya da baya, hannuwansa a aljihu.

Ya dawo ya miƙo mini kan wata sanda, ya riƙe ɗaya kan. Ya ce in lanƙwasa gwiwa, in daina kallon takalmina. Na saki ƙarfen. Ya ja ni a hankali, sanyi yana bugun fuskata, ina jin ƙarar ƙarfe a kan ƙanƙara a ƙarƙashina. Muka kai tsakiya, muka wuce, har hannuna ya taɓa ƙarfen ɗaya gefen.

"Yalla," na ce masa ina haki, "mu sake."